Bimala da Sarkin Farko na Gidan Rana

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku, manya da yara. Mai magana ya dakata, mai tafiya ya ɗan tsaya. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ne, ko da yake akwai tatsuniya a cikinsa, ta waɗansu mutane da ba namu ba. Ni ban yi boko ba, ban taɓa riƙe alƙalami ba. Jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

A shekarar da aka yi yaƙi cikin watan azumi, ranar da azumi ya kwana goma sha biyu, ina da shekara tara, na fito da sassafe zan watsa wa kajinmu ɓarɓashin gurasa. Rana ba ta gama ɗagowa daga bayan dutsen Muƙaɗɗam ba. Sai na ga matar nan, maƙwabciyarmu, a tsaye a tsakiyar rufin benen da muke zaune a kai, cikin farin zane ɗaya da ta naɗe jikinta da shi har ka, gashinta na ɗigar ruwa, ƙafafunta ba takalmi. Ta ɗaga wata 'yar buta ta jan ƙarfe har saitin goshinta, tana tsiyayar da ruwa siriri kamar zare, leɓɓanta na motsi. Ruwan ya sauka a kan siminti, ya yi hanya, ya bi ta gefen akurkin zomaye, ya zo ya kwanta a bakin ƙofarmu. Ban san Iya tana bayana ba sai da na ji hannunta a kafaɗata. Ta ce, "Kin gani, Batula? Kullum a nan yake tsayawa. Matar nan ko ta sauka daga rufin nan, ko mu binne na huɗu."

Iya ita ce uwar mahaifina. Mu mutanen Sudan ne, daga wani ƙauye a bakin kogi, inda kakanninmu suka yada zango a kan hanyarsu ta zuwa hajji da ƙafa, zangon ya zama gida. Abba tela ne. Ya kawo mu Alƙahira saboda ɗaliban babban masallaci ba sa rabuwa da ɗinkin jallabiya. Muka sami ɗaki biyu a kan rufin wani gida mai hawa biyar a unguwar Darrasa, irin ɗakunan da aka gina don wanki, talakawa suka mayar da su wurin kwana. Namu suna ta gabas. A kudu akwai Ummu Fatahi, Bamisira mai kiwon zomaye da agwagi, wadda muryarta ke kaiwa har titi. A yamma kuwa, a ɗaki ɗaya tilo, matar nan ce, mutuniyar Indiya, sunanta Bimala.

Rayuwar rufi daban take da ta mutanen ƙasa. Famfo ɗaya ne, a kan matakala, ni ce mai ɗibo ruwa a garwa safe da yamma. Ni ce mai sauka bin layin gurasa, in ɗoro ta a kan faifan kara tana tururi. Ni ce mai tsokale idon risho in ya toshe, mai kwashe shanya kafin hayaƙin tanderun maƙwabta ya ɓata ta. A waccan shekarar an shafe gilasan tagogi da shuɗin fenti saboda jiragen yaƙi, mazan gidan kuma kullum suna kewaye da rediyon mai gadin ƙofa. Mu yara ba ruwanmu. Muna carafke da ƙwallon wani ɗan itace da ake kira mishmish, muna leƙen masu kiwon tattabaru suna kaɗa tuta don tsuntsayensu su dawo, da almuru kuma mu toshe kunne muna jiran ƙarar igwar buɗa-baki. Yaran ƙasa suna tafiya makaranta da jakunkuna, ni ina kallonsu daga sama da goyo a bayana.

Goyon nan shi ne maganar. Inna ta haifi uku bayana, duk suka koma kafin yaye. Na huɗu aka raɗa masa Usmanu, amma Iya ta hana a kira sunan. Ajuji take ce masa, don mutuwa ta ɗauka abin yarwa ne ta wuce. Ta ɗaura masa laya a wuya da wata a ƙugu. Ba a yaba shi, ba a cewa ya yi ƙiba, baƙo ba ya ɗaukarsa. Duk wanda ya dube shi ya daɗe, Iya sai ta tofa addu'a ta juya masa baya.

To, ga mace tana zuba ruwa kullum yana gangarowa ƙofar ɗakin da yaron nan ke kwance. A wurinmu kowa ya san abin da ake nufi da zuba ruwa a ƙofar wani. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Mijinta, wanda a da kuku ne a jirgin ruwa kafin ya koma aiki a shagon kayan yaji, ya mutu shekara biyu da suka wuce, kuma ba wanda ya ga inda aka kai gawarsa. Ba ta cin nama. Da layya Inna ta aika mata da tsoka mai kyau, ta haɗa tafin hannuwanta ta sunkuya, ta mayar. Ummu Fatahi ta ce, "Wadda ba ta cin naman rago, ku tambayi kanku naman me take ci." An ce mutanen ƙasarta sun zo har sau biyu za su mayar da ita gida, ta ƙi. Me ya riƙe tsohuwa ita kaɗai a kan rufin mutane? Iya ta riga ta yi wa mai gadi magana, ya ce matar da ke da gidan ba ta korar kowa sai da dalili. Saboda haka Iya ta shiga neman dalili, kuma ni ta aika.

Ta ce, "Ke yarinya ce, ba za ta ɓoye miki ba. Ki je aron ashana. Ki buɗe ido, ki rufe baki. Kada ki ci, kada ki sha. Kuma ko da wasa kada ki shiga da yaron."

Na shiga. Na zaci zan ga ƙoƙon kai da gashin mutane. Abin da na gani shi ne tabarma, da akwatin ƙarfe, da gwangwanayen kayan yaji a jere, da wata 'yar fitilar mai tana ci da rana tsaka, da wani abu dogo naɗe cikin jan ƙyalle. Tana zaune tana tsintar adas, wani ƙanƙanin wake, a tire. Ta dube ni ta ce da Larabcinta mai karyewa, "Zauna, binti, 'yata. Kakarki ta aiko ki ki gani? Gani." Kunya ta kama ni, sai na yi tambayar kai tsaye, na ce wa take zuba wa ruwa. Ta nuna sama, ta ce wa Rana, domin gidan mijinta daga can ya fito. Ta warware jan ƙyallen, sai ga takarda doguwa ta tsufa har ta yi launin ƙasa, cike da rubutu mai rataye a jikin layi kamar shanya. Ta ce sunayen kakannin mijinta ne, su take kira kowace safiya in tana zuba ruwan. Ta ɗora yatsa a can ƙasa ta ce mijinta ke nan. Ta ja yatsan sama, sama, sama, har ƙarshen takardar, ta ce wannan shi ne Sarkin Farko. Ta faɗi sunansa, amma harshena bai taɓa iya juya shi ba, har yau.

Kwana da kwanaki ina zuwa, ina taya ta tsintar adas, tana ba ni labarinsa guntu-guntu. Ta ce Rana ta haifi ɗa, shi ne ya tsira a cikin jirgi lokacin da ruwa ya shanye duniya. Bayan ruwa ya janye, wata rana mutumin nan ya yi atishawa, sai yaro ya faɗo daga hancinsa. Yaron ya girma ya zama sarki na farko a wani birni a bakin kogi, kafin shi ba a san sarauta ba. Ya haifi 'ya'ya ɗari, ya rarraba su gabas da yamma, kudu da arewa, duk sarakunan gidan Rana daga gare shi suka gangaro. Ta ce sarki ne da ba ya tanƙwara doka ko don ɗansa. Wata rana za a yi sadakar kakanni, ya aiki babban ɗansa daji ya farauto nama. Yaron ya yini yana farauta, yunwa ta ci ƙarfinsa, ya gasa zomo ɗaya daga cikin abin da ya kamo ya ci, ya kawo sauran. Malamin fada ya dubi naman ya ce wannan saura ne, an riga kakanni sa baki. Sarki bai yi shawara da kowa ba, ya kori ɗansa daga ƙasar.

Duk abin da na ji sai in kai wa Iya da ɗuminsa, ita kuma ta ba ni ƙanzon tukunya. Da na faɗi na jirgi ta ce, "Annabi Nuhu ne suka sace labarinsa." Da na faɗi na atishawa ta yi salati ta ce, "Mutum daga hanci? Majina ke nan suka naɗa wa rawani!" Inna ta yi dariya har ta ƙware, amma Iya ba ta yi ba. Ta ce mai kiran sunayen matattu ɗari kowace safiya ba a banza take kiransu ba, abinci suke nema. Abba ya ɗago daga kan keken ɗinki ya ce, "Iya, ku ƙyale baiwar Allah. Rufin ne ya karkata ta wajenmu, haka magini ya yi shi." Iya ta ce, "Maginin ne kuma ya ce ta fuskanci maƙabarta?" Gaskiya ne, gabas da Darrasa kaburbura ne har gindin dutse. Abba ya sunkuyar da kai ya ci gaba da taka kekensa.

Akwai abu ɗaya da ban kai wa Iya ba. Na tambayi Bimala ko yaron da aka kora ya mutu a daji. Ta ajiye tiren, ta ce a'a. Ya zauna a can har uban ya rasu, sannan ya dawo, aka ba shi gadon sarauta. Sannan ta ce ita ma tana da ɗa guda. Ya tashi a Alƙahira cikin yaran Misira, ya ci abin da suke ci, ya ce kuma 'yarsu zai aura. Uban ya ce jinin Sarkin Farko ba ya haɗuwa da wannan, ya nuna masa matakala. Yaron ya bi jirgin ruwa, shekara bakwai ba labari. Ta ce, "Yanzu uban ya mutu. A gidanmu in uba ya mutu ɗa yana dawowa. Kuma nan kaɗai ya sani, binti. In na sauka, ina zai neme ni?" Wannan ban faɗa ba. Ba don na riƙe mata amana ba ne. Na lura labarin da ke sa Iya ta zaro ido shi ke kawo ƙanzo, wannan kuwa ba zai sa ta zaro ido ba.

Bayan salla da kamar mako biyu, wata ranar hantsi, Inna ta sauka kasuwa, Iya ta tafi gaisuwar rashin lafiya a hawa na biyu. Aka bar ni da Ajuji a baya. Ina son in ji ci gaban labarin, yadda aka yi da jikan sarkin, sai na ce a raina shiga ɗaya ba za ta yi komai ba. Na shiga da shi. Bimala na soya barkono da wani iri a cikin mai, ƙaurin ya bugi yaron, ya yi atishawa har uku a jere. Ranar na fara jin dariyar matar nan. Ta ce, "Sarki ya zo!" Ta miƙo hannu, ni kuwa na kwance goyo na ba ta. Ta ɗora shi a cinya tana yi masa wasa da harshensu, tana cewa ga idanu, ga goshi, ga kumatu. Can sai ta tsaya cak kamar wadda ta taka wuta. Ta sa ɗan yatsa ta lakato kwalli daga gefen idonta, ta ɗiga masa a bayan kunne. Ta ce ta yabe shi da yawa, wannan zai kare shi daga ido, haka suke yi wa nasu. Na karɓe shi na fita, na manta ban goge ba.

Da la'asar Iya na yi masa wanka, ta juya kansa, ta gani. Ba ta yi ihu ba. Ta goge da bakin zanenta, ta shinshina, ta dube ni. Washegari yaron ya tashi da zazzaɓi, jikinsa kamar garwashi, ya ƙi nono, yana ta zawo. Inna ta zauna da shi a cinya ba ta ko kuka, irin zaman wadda ta san hanyar. Iya ta ja ni bayan akurki ta riƙe kunnena ta ce, "Ke kika kai shi, ko ita ta zo?" Na dubi hannunta, na tuna bulalar igiyar shanya. Na ce, "Ita ta zo. Na kwantar da shi a tabarma na je ɗibar ruwa, na dawo na same ta a kansa."

Kafin azahar magana ta gama hawa biyar. Ummu Fatahi ta tuna agwaginta biyu da suka mutu bara. Matar hawa na uku ta tuna ɓarin da ta yi. Suka taru suka sauka wurin mai gida, Iya a gaba, ni a tsakiya ana tura ni in maimaita. Na maimaita, har na ƙara da cewa leɓɓanta na motsi. Mai gadi ya hau ya gaya wa Bimala ta kwashe kayanta kafin Juma'a. Ta fito bakin ƙofarta tana rantsuwa da abin da take rantsuwa da shi, tana cewa kwallin nan kariya ce, kariya ce, ba ta shiga ɗakin kowa ba, a tambayi yarinyar. Aka juyo aka dube ni. Na ɓuya a bayan zanen Iya. Ummu Fatahi ta ce, "Khalas, shi ke nan, yarinya ba ta ƙarya." Abba ne kaɗai ya ce a bari yaron ya warke tukuna a bincika. Iya ta ce masa, "Uku ka bincika, ina suke?"

Ranar Alhamis da hantsi aka kawo amalanken jaki. Mai gadi ya sauke mata akwatin da gwangwanayen. Ta tsaya a kan matakala tana roƙonsa, in wani saurayi ya zo nemanta ya riƙe shi, za ta aiko da kwatancen inda ta sauka. Ya ce tamam, tamam, yalla, wato to, to, ta yi sauri. Da za ta wuce ni ba ta zage ni ba. Ta dube ni kawai, ta gyara zanenta ta sauka. Kwana biyu bayan tafiyarta zazzaɓin Ajuji ya sauka, ya kama nono. Inna ta sa yatsa a bakinsa ta ce a hankali, "Haƙori ne ya fito." Iya ta ce, "Da tana nan da bai fito ba." Kuma ku ji gaskiya, ni kaina na yarda. Na ce a raina ai ga shi ta tafi ya warke, ashe ƙaryata ta yi amfani.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka, lokacin da aka sake buɗe mashigin ruwan Misira da yaƙi ya rufe, jirage suka dawo wucewa, wani mutum ya hau rufinmu da jaka a kafaɗa. Dogo ne, baƙi-baƙi, da idanun Bimala sak. Ya nufi ɗakin yamma kai tsaye, ya tarar da wasu ɗalibai biyu 'yan Nijar suna dafa shayi. Ya juyo yana tambaya da Larabci tsantsa irin na 'yan gari, ina tsohuwar da ke nan. Ummu Fatahi ta shige ɗakinta. Iya ta ce, "Ta tashi." Ya ce zuwa ina. Ta ce, "Allah masani." Mai gadin da aka bar wa saƙo ya riga ya koma ƙauyensu, sabon bai san komai ba. Mutumin ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya rufe fuska da hannuwa. Ajuji, wanda a lokacin ya fara gudu, ya nufe shi, Iya ta fizgo shi. Kwana uku mutumin yana zuwa, yana bin hawa-hawa yana tambaya ko akwai wanda ya saba da ita. Na ba shi ruwa a kofi sau ɗaya. Ya ce, "Ke fa, 'yar ƙanwata, kin san ta?" Na ce ban san ta ba.

Iya ta rasu a ƙauyenmu na Sudan bayan mun koma, da tsufa mai kyau, da carbi a hannu. Kafin ta rasu, ina da aure har da 'ya'ya biyu, na durƙusa na gaya mata ni na kai yaron ɗakin. Ta dube ni ta ce, "Ke kika kai shi, amma hannun wa ya taɓa shi?" A kan haka ta tafi. Abba ya makance a kan ɗinki, ya bi ta bayan shekara shida. Inna ta ƙara haihuwar biyu, duk suka rayu, ba ta kuma taɓa ambaton matar nan ba. Ummu Fatahi an ce ta mutu a kan rufin cikin zomayenta. Ajuji ya zama direban babbar mota, 'ya'yansa tara, ba ya son a kira shi da wannan suna, kuma bai san komai a kan abin da na faɗa muku ba. Bimala kuwa, wani ya ce ya gan ta a Wustul Balad, tsakiyar birni, tana sayar da ƙullin kayan yaji a bakin titi, wani ya ce garin bakin teku ta tafi tana tsayawa inda jirage ke sauke mutane. Ko sun haɗu da ɗanta, ban sani ba. Addininta ba nawa ba ne, ban kuma taɓa yarda mutum ya fito daga hanci ba. Amma ni ce na sauke ta.

Ni kuma yaƙi ya koro ni daga Sudan da tsufana, ya dawo da ni garin da na yi ƙuruciya. Muna zaune a unguwar Hadayek el-Ma'adi, mu tara a ɗaki biyu. Rufin gidajen yanzu ba kaji, ba yara, sai tankunan ruwa da farantan tauraron ɗan'adam, kuma ba wanda ya san sunan na kusa da shi. Duk ranar Juma'a nakan sa turaren wuta irin namu, hayaƙin ya fita ta ƙarƙashin ƙofa. Matar da ke fuskantar ƙofarmu, da ta ji ƙamshin sai ta janye jikanta ciki, ta fito ta yayyafa ruwan gishiri a dokin ƙofarta tana karanta abin da ta iya. In na gaishe ta takan amsa da rabin baki, idonta a kan hannuwana. Ba na jin haushinta. Ita ma so take yaron ya rayu.